Wai da gaske ne musayar Ƙonni aka yi da kifi?

Bagobiri_Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga Sakkwatawa da 'yan uwanmu na Nijar. Kakana na wajen uwa mutumin Birnin Ƙonni ne, fatauci ya kawo shi Kaduna tun zamanin Sardauna, a nan Allah ya yi masa rasuwa. Tun muna yara yake gaya mana cewa Ƙonni ƙasar Sarkin Musulmi ce, Ingilishi ne suka miƙa wa Faransa ita "saboda rijiyoyi". Mu dai mun ɗauke shi hirar tsofaffi. To jiya a wurin aiki wani ya ce mini ba rijiya ba ce, kifi ne, wai musayar garin aka yi da wurin kamun kifi a wata uwa duniya. Na yi dariya, shi kuwa har da rantsuwa. Ban taɓa taka garin ba, amma ina shirin kai mahaifiyata bayan Sallah ta ga danginta. Wa ya san gaskiyar zancen nan?

Ɗan_Illela01:
Wa alaikumus salam. Kihi kuma? Abokin naka ya taɓa ganin Ƙonni kuwa? Garin da babu gulbin da ke gudu shekara, wa za shi ba da shi don kihi. Amma batun ƙasar Sarkin Musulmi kam kakanka bai yi ƙarya ba. Daga tashar Illela zuwa cikin Ƙonni bai kai kilomita goma ba, ɗan kabu-kabu na kai ka tun shayinka bai huce ba. Gwaggona can take aure, ƙanena can ya ɗauko mata. Wanga layi dai a takarda yake.

Hadiza_Zariya:
Ni tawa tambayar ta fi taku sauƙi. Yaya ake rubuta sunan garin? Na ga Konni, na ga Kwanni, na ga wani Birni N'Konni mai ɗigo a sama.

Mushe_Tawa:
Malama Hadiza, na ƙarshen rubutun Faransawa ne. Sun ji ana cewa "Birnin Ƙonni", sai suka gutsure "n" ɗin suka manna wa kalma ta biyu. Haka suka yi wa Birnin Gaure, ya koma Birni N'Gaouré. Masu garin Ƙonni ko Ƙwanni suke cewa, da ƙa mai lanƙwasa.

Bagobiri, kakanka da abokin aikinka kowa ya kama gefe guda na zancen. Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, na koyar da wannan darasi shekara da shekaru, bari in warware maka.

A 1890 Ingila da Faransa suka fara jan layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato yana ɓangaren Ingila. Tun da ba wanda ya san iyakar daular a cikinsu, sai gardama. A ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Paris. Abin da suka yi shi ne suka dasa allura a kan Sakkwato cikin taswira, suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, wajen kilomita 161 ke nan. Duk abin da ya faɗo ciki na Ingila ne. Ƙonni kuwa ko kilomita 100 ba ta cika daga Sakkwato ba, ka ga tsundum take ciki.

Da Faransawa suka zo ƙasa sai suka ga ta'asar da suka yi wa kansu. Hanyarsu daga bakin kogi zuwa Damagaram dole ta kewaye da'irar ta arewa, ta ƙasar da babu ruwan sha da rani. Rijiyoyin kirki duk suna ciki, wajen Matankari da Ƙonni. Ayarinsu sai ya roƙi izni ya ratsa ƙasar Ingilishi ko ƙishirwa ta kashe raƙuma. Ga rijiyoyin kakanka nan.

Kifin kuma: a Afrilun 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu a kan rigingimunsu na ko'ina. Faransa na da wani tsohon haƙƙi na shanya kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada. Ta saki wannan haƙƙi, Ingila ta biya ta da ƙasa a Afirka: tsibiran Los da ke gaban Konakiri, wani yanki a Gambiya, da gyaran iyaka tsakanin Kwara da Chadi don ta samu hanya mai ruwa. To ka ji inda kifi ya shigo.

Bagobiri_Kaduna:
Ikon Allah! Ashe bashin haƙuri zan je in biya gobe a ofis. Na gode Mushe.

Lauya_BK:
Dakata tukuna, kar ka yi saurin ba da haƙuri. Mushe ya yi bayani mai kyau amma ya haɗiye mataki ɗaya. Layin 1904 bai ba Faransa Ƙonni ba. Yarjejeniyar ta ambaci garin da sunansa, ta ce iyaka za ta bi ta wani wuri kilomita 20 arewa da Ƙonni, daga nan ta miƙe zuwa kilomita 15 kudu da Maraɗi. Wato Maraɗi ta tafi, Ƙonni ta zauna hannun Ingilishi. Sai a yarjejeniyar Mayun 1906 aka sake turo layin kudu, garin ya koma wancan ɓangare. Daga nan ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ƙafa tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi, guda 148 daga Kwara zuwa Chadi, aka sa hannu na ƙarshe a 1910. Saboda haka in za a yi adalci, kuɗin kifi Maraɗi ya saya. Ƙonni gyara ce aka ƙara wa mai saye daga baya.

Mushe_Tawa:
Na karɓi gyara, Lauya, kilomita 20 ɗin nan haka yake. Amma ta 1906 ai 'yar ta 1904 ce, an yi ta ne don a aiwatar da uwar a ƙasa. In babu cinikin farko ina za a samu gyara? Mai sayen goro shi ake ƙara wa ɗaya.

Lauya_BK:
A kasuwa haka ne. A takarda kuwa kowace da ranarta.

Maraɗi_Ta_Gode:
Wai mu ne aka saya da kifi? Lauya, za ka zo Maraɗi ka maimaita.

Sani_Mai_Shayi:
Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kun ce 1898 aka zagaya da'ira aka ce ta Ingila ce. To a 1898 wane Bature ne ke mulkin Sakkwato? Sai Maris 1903 sojan Gwamna Lugga na Ingila suka shiga garin, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita, aka kashe shi a Burmi cikin wannan shekara. Ke nan shekara biyar kafin su ci garin sun riga sun raba gonakinsa. Ana rabon fatar kura tana daji tana yawo. Don haka kalmar "sun bayar" ma ba ta zauna mini ba. Mutum na bayar da abin da yake nasa ne.

Jikan_Bawa:
Ni kuma "ƙasar Sarkin Musulmi" ɗin ce ba ta zauna mini ba. Bagobiri, da sunanka da komai ka bari ana share mu? Kafin a san za a yi wani gari wai shi Sakkwato, Ƙonni na da ganuwarta da sarkinta, kuma a ƙarni na 18 Gobir take bi. Jihadi a 1804 ya fara, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi 1808. In shekara ɗari ƙarƙashin Sakkwato ta isa a kira ta ƙasar Sarkin Musulmi, to yau ta fi shekara ɗari tana kallon Yamai. Sai a ce me?

Almajirin_Degel:
Jikan Bawa, a hankali. Ba wanda ya ce Gobir ba ta yi zamani ba. Amma ka duba inda abin ya tsiro. Shehu Usmanu a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, gabas da Ƙonni, yau cikin Nijar take. A Degel ya zauna ya karantar, yau cikin jihar Sakkwato take. Hijira zuwa Gudu a farkon 1804. Kuma cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka buga da su akwai Matankari da Ƙonni, a shekarar da aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. Duk wuraren nan tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙafa tsakaninsu. Yau in ɗalibi zai bi sawun Shehu daga mahaifarsa zuwa makarantarsa sai ya tsallaka iyaka ya canji kuɗi. Wannan kaɗai ya ishe ka ka gane wa ya zo daga baya.

Jikan_Bawa:
Ka ce "suka buga da su". Madalla. Wanda ake bugawa da shi ai ba naka ba ne tukuna.

Rabi_'Yar_Ƙonni:
Kuna ta rijiya, rijiya, ni kuwa da na ji rijiya a zancen Turawa da garinmu wani abu daban ke zo mini. Ba wanda ya ambaci 1899.

Innata da ta rene ni, Allah ya jiƙanta, ta ji daga bakin tata kakar. Ta ce da Nasara sunka iso an rufe ƙofofin birni, mutanen ƙauyuka duk sun shigo ciki suna ganin ganuwa za ta tsare su. Sai aka harba babbar bindiga. Wanda ya gudu ya gudu, wanda bai samu hita ba shi ke nan. Ta ce gawa ta yi yawa har aka rasa masu binnewa, aka zuba wasu ramuka, wasu rijiyoyi. Kakar tata tana yarinya aka ja ta aka yi kudu da ita, sai bayan an kwana biyu sunka dawo. Inna ba ta ba mu wanga labari da dare, sai da rana, kuma in ta gama sai ta tashi ta kama wani aiki ba ta son tambaya.

Shi ya sa in na ji ana raha da kihi, ina dariya ni ma, amma rabin baki.

Bagobiri_Kaduna:
Allahu akbar. Yaya Rabi, wallahi kakana bai taɓa gaya mana wannan ba. Ko kuwa da gangan ya tsallake.

Mushe_Tawa:
Allah ya jiƙansu. Wannan ayarin Kyaftin Voulet da Chanoine ne, da Faransa ta turo ya kai Tafkin Chadi. Tun daga bakin kogi suke ƙone garuruwa. A Afrilun 1899 suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka auka wa Ƙonni, kuma kisan Ƙonni na cikin mafi muni a duk tafiyar. Labari ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Da ya cim musu a Dankori wajen Tasawa, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka juya musu, suka kashe su duka biyun. Kaburburansu na Maijirgi, bakin babbar hanya. Sauran ayarin suka wuce suka ci Damagaram a ƙarshen watan.

Ku lura da wani abu: a lissafin da'irar 1898, ranar da aka yi wannan ɓarna Ƙonni "ƙasar Ingila" ce. Ba Baturen Ingila ko ɗaya a kusa, ba wanda ya kare ta. Wanda ya ƙone garin shi aka miƙa wa shi bayan shekara bakwai.

Sani_Mai_Shayi:
To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan.

Ummu_Hanifa:
Mu a makarantunmu na Najeriya ba a koya mana wannan ko kaɗan. Lugga, Burmi, tawayen Satiru, shi ke nan. Kamar abin da ya faru bayan Illela a wata duniya aka yi shi.

Issa_Yamai:
Mu ma haka, hajiya. Mun haddace Voulet da Sarauniya da Kawusan jagoran tawayen Buzaye, amma Satiru sai da na girma na ji sunanta, alhali a 1906 aka yi, kuma akwai mutanen ɓangarenmu a ciki. Kowane lakkwal ya tsaya inda tutarsa ta tsaya.

Kabiru_Kano_Line:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Bagobiri, in za ka tafi ka tabbatar wace Illela ka ce wa direba. Illela biyu ce. Akwai ta jihar Sakkwato a bakin iyaka, akwai ta Nijar can arewa da Ƙonni cikin jihar Tawa, gidan Sarkin Adar, yankin su tsohon shugaba Mahamadou Issoufou. Na taɓa aika yarona da saƙo, yana Ƙonni ya ce Illela zai je, aka sa shi motar Adar. Sai da ya ga tafiya ta ƙi ƙarewa ga duwatsu sannan ya tambaya.

Ɗan_Illela01:
Hahaha. Tamu ce ta gaske, mai kasuwar Lahadi. Shanu da raƙuma da tumaki daga Adar da Azawak nan suke sauka, manyan motoci su kwasa sai kudu. Laraba kuma mu ke zuwa tasu ta Ƙonni.

Ba'adare:
Ta gaske? Tamu na da sarki taku na daji. Iyaka ce ta yi ku, ɗan'uwa.

Zakari_Masalata:
Tun da ana zancen wa ya riga wa, ku zo Masalata, 'yan kilomitoci daga Ƙonni. Nan Azna suke, masu ƙasa na asali. Duk shekara ana taron arwa, a duba yadda damina za ta kasance da abin da shekara ta ƙunsa, mutane na zuwa har daga Najeriya, hukuma ma na turo wakilai. Gobir ta zo ta tarar da su, jihadi ya tarar da su, Nasara ya tarar da su. Jikan Bawa da Almajirin Degel duk baƙi ne a wurinsu.

Abu_Sumayya:
Subhanallah. Wannan ba abin alfahari ba ne, duba ne, kuma ba wanda ya san gaibu sai Allah. Kar a tallata mana shirka a zaure.

Zakari_Masalata:
Malam, ni ma salla nake. An tambayi tarihin gari na faɗi abin da ke akwai. In na ɓoye shi ba zai ɓace ba.

Mai_Zaure:
Jama'a, Zakari labari ya bayar, Abu Sumayya ya yi nasiha, kowa an ji shi. A bar shi nan. A koma kan Ƙonni.

Ɗan_Illela01:
To bari in koma kan ruwa, don ni nan tawa ƙorafin take. Mushe ya ce Faransa ta nemi Ƙonni don ruwa. Har yau ruwan ne. Ƙoramar Majiya daga duwatsun Adar take tasowa, ta biyo ta Ƙonni, ta ƙare cikin tabkin Kalmalo nan wajenmu. Babana ya ce da can Kalmalo ruwa ne shekara, ana su, ana noman rani kewaye da shi, har masunta na zuwa daga nesa. Da aka datse ruwan daga sama sai tabki ya riƙa ja da baya, wata shekara ya cika, wata shekara ka ratsa shi da takalmi. Kun ga in akwai kihin da aka yi musaya da shi, to namu na na Kalmalo.

Injiniya_Majiya:
Ɗan Illela, zancenka na da ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Na yi aiki a fadamar. Madatsun biyu ne, Mozage da Zango, sai tafkin ajiya na Cerasa kusa da gari. An yi su ne daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, bayan babban farin da ya kashe dabbobi, don a shayar da fili mai kadada sama da 2,400. Da damina dawa da auduga, da rani alkama da albasa da kayan lambu. Dubban gidaje ke ci daga nan.

To amma ka sani Majiya ba kogi ba ce irin Rima, kwari ne da ke gudu in an yi ruwa. Ƙonni ruwan shekararta wajen milimita 500 ne, wata shekara ya haura, wata ya gaza. Daga 1970 zuwa tsakiyar 1980 ruwan sama ya ragu a duk yankin, tafkuna da yawa da ba a datse musu komai ba sun ƙafe. Sannan madatsun kansu yashi da laka sun cinye cikinsu, abin da suke riƙewa yau bai kai na farko ba, manoman rani na kuka kowace shekara ba a iya shayar da filin duka. Datsewa ta rage muku, ban musa ba. Amma mu ma ba a cikin wadata muke ba. Ƙasashen biyu na da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a 1990 an sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan kwaruruwan da suka ratsa iyaka, Majiya na ciki.

Ɗan_Illela01:
An sa hannu. To. Mu dai ba mu ga hannun cikin tabki ba.

Hajiya_Mai_Albasa:
Ku bar faɗa, albasar da ake nomawa can ai a tukunyarku take ƙarewa. Shekara goma sha ina saro 'yar Galmi, ja mai kaifi wadda ba ta saurin ruɓa. Daga Galmi a biyo ta Malbaza inda kamfanin siminti yake, a wuce Tsarnawa mararrabar Tawa, a sauka Ƙonni. Wata ta yi yamma zuwa Yamai har Gana da Abijan, wata ta shigo mana. Duk wanda ya ce Ƙonni ƙaramin gari ne bai kwana tasharta ba. Mutanen cikin gari sun haura dubu sittin tun ƙidayar 2012, amma masu wucewa sun fi masu kwana.

Bagobiri ɗana, abin da zan gaya maka shi ne lissafin kuɗi. In mai tebur ta ce maka "dala ashirin", sefa 100 take nufi, dala ɗaya sefa biyar ce. Jikka ɗaya sefa 1,000. Zuwana na farko na yi ta miƙa kuɗi ana dawo mini da canji ina tsammanin kirki ne ya yi musu yawa. Naira ma ana karɓa a kasuwa, amma ka canja wurin 'yan canji ka huta.

Baba_Direba72:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Na fara bin hanyar Sakkwato, Kware, Gwadabawa, Illela ina yaron mota. Lokacin Najeriya hagu ake tuƙi, Nijar dama. In mun iso iyaka sai maigidana ya ce "a juya hannu", mu koma ɗaya gefen. Afrilun 1972 aka mai da mu dama, shekarar da na karɓi sitiyari ke nan. Kuɗinmu fam da sule ne sai 1973 naira ta zo. Na ga lokacin da naira ke da ƙarfi mutanen Ƙonni na rububinta, na ga 1994 da aka karya sefa rabi, na kuma ga yau da mai sefa ke shigowa Illela yana taƙama.

Rufe iyaka kuwa na ga uku. Na 1984 zamanin Buhari na soja, ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Na Agustan 2019, aka buɗe Disambar 2020, Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe. Sai na 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har da yanke wuta, motoci suka yi layi kaya na lalacewa, sai Maris 2024 aka sake. Duk ukun ban ga ranar da aka daina wucewa ba. Babbar mota ce ke tsayawa. Babur da jaki da amalanke sun san gonar da za su bi. Abin da rufewa ke ƙarawa shi ne kuɗin hanya da yawan masu shinge, kuma talaka ke biya.

Issa_Yamai:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na 2023 ya fi ciwo don a kan idonmu aka yi. Magani ya yi wuya, wuta babu. Kuma abin mamaki sanatocin arewacin Najeriya da malamai su suka fi kowa cewa kar a yi yaƙi. Sun san wa ke bayan layin.

Ummu_Hanifa:
Ai dole. Wa zai yarda a harbi gidan surukansa.

Sani_Mai_Shayi:
Ni fa har yanzu ina kan bakata. Da a ce Lauya ya yi gaskiya layin ya tsaya kilomita 20 arewa, da yau Ƙonni ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, da Illela ba ta zama komai ba, da Yaya Rabi "kwastan" take cewa ba "duwan" ba.

Rabi_'Yar_Ƙonni:
Da kuma ba mu da godoron da ya haɗa Yamai da Damagaram ta ƙofar gidanmu. Garin ya ci iyaka, iyaka ta ci garin. Ni ban san wanne ya hi yawa ba. Amma kar ka raba ni da "duwan" ɗina, malam Sani, na saba.

Jikan_Bawa:
Ko a Sakkwato ko a Tawa, Gobir dai ta riga.

Zakari_Masalata:
Mun ji. Ka zo Masalata ka faɗa.

Bagobiri_Kaduna:
Jama'a na gode ƙwarai. Na karanta wa mahaifiyata duka da daddare. Da na zo kan kifi ta ce ita ba ta san wannan ba, babanta rijiya ya ce kuma rijiya ce. Da na zo kan maganar Yaya Rabi sai ta yi shiru, can ta ce ta tuna yana cewa akwai wata rijiya a bayan gidansu da ba a sha, ba a kuma tambaya. Ban sani ba ko ita ce.

Abokin aikina na ce masa rabin gaskiya gare shi, ya ce rabin ya ishe shi, in saya masa shayi. Lauya, kai za ka biya rabin.

Lauya_BK:
Ban ce rabi ba. Na ce Maraɗi.

Maraɗi_Ta_Gode:
Lauya, ina nan ina jiranka.

Hajiya_Mai_Albasa:
Ɗana, ku riƙo takardunku na shaida, ku bar Sakkwato da safe, kar ku yi dare a hanya. In ka samu hali ku isa ranar Talata ku kwana, Laraba ka kai ta kasuwa. Duk dangin da take nema a ƙauyuka ranar suke shigowa gari.

Rabi_'Yar_Ƙonni:
Ka turo mini sunan unguwar kakan naka ta akwatin sirri, in tambayi tsohinmu ko akwai wanda ya san gidan.